Dakta Akanu Ibiam: Likitan Mishan da Ya Mayar wa Sarauniya Lambarta

Duk wanda ya taɓa sauka a filin jirgin sama na Enugu ya ga sunan Akanu Ibiam. Amma kaɗan ne cikin 'ya'yanmu suka san cewa mai wannan suna ma'aikacin bishara ne, kuma da ƙoƙarinsa aka kafa Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya a 1966.

An haife shi ranar 29 ga Nuwamba, 1906, a Unwana kusa da Afikpo, cikin Jihar Ebonyi ta yau. Ya yi makarantar mishan ta Hope Waddell a Kalaba, da King's College a Legas, sa'an nan ya tafi Jami'ar St Andrews a Skotland, inda ya gama karatun likita a 1934. Da ya so, da ya zauna a birni ya tara dukiya. Sai ya zaɓi aikin mishan ƙarƙashin Ikkilisiyar Skotland, ya kafa asibiti a Abiriba a 1936, daga baya ya yi aiki a Itu da Uburu. Matarsa Olayinka kuwa Bayarabiya ce.

Girma ya yi ta binsa. Ingila ta ba shi lambar Sir a 1951, ya zama Gwamnan Jihar Gabas a 1960, a 1961 kuma aka zaɓe shi cikin shugabannin Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya a taron New Delhi.

Sai ga 1966. Juyin mulkin Janairu ya raba shi da kujerarsa. Kashe-kashen da suka biyo baya a garuruwan Arewa suka ci dubban 'yan ƙabilar Ibo, sauran suka gudu gida. Da Ojukwu ya yi shelar Biyafara ranar 30 ga Mayu, 1967, Ibiam ya tsaya tare da mutanensa.

A nan ne al'amarin ƙasashen waje ya rikice, har mai hankali ya rasa gane gabansa. Ingila da Tarayyar Sobiyet, waɗanda ba sa ga maciji da juna a lokacin, suka haɗu a bayan gwamnatin tarayya: Ingila na ba da makamai, idonta a kan man fetur, Sobiyet na ba da jiragen yaƙi, matuƙa daga Masar na tuƙa waɗansunsu. Amurka ta ƙi sayar wa kowane ɓangare makami. Faransa ba ta amince da Biyafara a hukumance ba, amma makamanta suna shiga ta Gabon da Kodebuwa. Fotugal, wadda take danne 'yan Afirka a Angola da Mozambik, ta buɗe wa Biyafara hanya, haka ma gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Ga kuma Nyerere na Tanzaniya, babban magabcin waɗannan biyun, shi ne ya fara amincewa da Biyafara a 1968. Kowa dai da abin da ya kai shi.

Abin da ya fi yi wa Ibiam ciwo shi ne Birtaniya, ƙasar da ta koya masa likitanci, ta aiko wa mutanensa da bishara. A 1967 ya rubuta wa Sarauniya Elizabeth ya mayar mata da lambobin girmansa, ya kuma ajiye sunansa na Turanci, Francis. Daga nan ya shiga zagaya ikkilisiyoyin Turai da Amurka yana roƙon abinci da magani domin yaran da yunwa ke kashewa. Ikkilisiyoyin Katolika da na Furotesta suka haɗa hannu, jiragensu suka yi sawu fiye da 5,000 daga tsibirin Sao Tome zuwa Uli, cikin dare.

Sai dai akwai wani gefen da mu Kiristocin Arewa ba za mu tsallake ba. Da yawa a Turai sun ɗauka yaƙi ne tsakanin Musulmi da Kirista, masu yaɗa labarin Biyafara kuwa ba su gyara musu ba. Alhali Janar Gowon ɗan mai bishara ne da ya tashi a Wusasa, kuma dubban sojojin tarayya 'ya'yan ikkilisiyoyin Filato, Binuwai da Kudancin Zariya ne. Su ma iyayensu sun yi makoki. Gwamnati kuma tana ganin jiragen agajin suna tsawaita yaƙin, tun da masu kai makamai a filin Uli ɗin suke sauka. A ganina Ibiam ya yi daidai da ya yi kuka domin yara masu yunwa, amma labarin da ya isa kunnen 'yan'uwa a waje bai cika ba. Ita kanta Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya ta sha muhawara a kan batun a taronta na Uppsala a 1968.

Yaƙin ya ƙare a Janairu 1970, aka kori 'yan mishan da dama da suka yi aiki a Biyafara. Ibiam ya ci gaba da hidimar ikkilisiya, a 1983 kuma mutanen Unwana suka naɗa shi sarkinsu. Ya rasu ranar 1 ga Yuli, 1995, yana da shekara 88. A allon filin jirgin Enugu babu Sir, babu Francis.