Vittorio De Sica, mutumin da ya sa duniya kuka saboda keke ɗaya

Vittorio De Sica mai shirya finafinai ne ɗan ƙasar Italiya. An haife shi a garin Sora a 1901, ya tashi a birnin Napoli cikin talauci. Ya fara da wasan kwaikwayo a dandamali, daga 1932 kuma ya yi suna a matsayin jarumin finafinan barkwanci.

Bayan yaƙin duniya na biyu Italiya ta talauce, aiki ya yi wuya. De Sica da marubuci Cesare Zavattini suka fita da kyamara titi, suka ɗauki talakawa maimakon taurari. A 1946 sun yi fim kan yara masu goge takalmi, a 1948 kuma suka fitar da Ladri di biciclette, wato ɓarayin keke.

Labarin gajere ne. Wani magidanci a birnin Rum ya samu aikin liƙa takardun talla, amma sai mai keke. Matarsa ta jinginar da zannuwan gadonsu ta fanso nasa. Ranar farko aka sace shi. Shi da ɗansa suka bi kasuwanni inda ake kwance kekuna a sayar gunduwa-gunduwa, ba su dace ba. Da ya rasa mafita sai ya saci na wani, aka kama shi, aka mare shi a gaban yaron. Mai keken ya dubi yaron ya ce a sake shi. Yaron ya kama hannun ubansa suka shige cikin jama'a.

Wanda ya fito a uban, Lamberto Maggiorani, ma'aikacin masana'anta ne, ba ɗan wasa ba. Mu da muka san darajar babur ko amalanke ga mai neman abinci, ba ma bukatar tafinta kafin mu gane abin da ke cin ransa.

Finafinansa huɗu sun samu kyautar Oscar a Amurka. Sai dai caca ta riƙa cinye masa dukiya, har yakan karɓi wasan da bai so don ya biya bashi. Ya rasu kusa da birnin Paris ranar 13 ga Nuwamba, 1974, yana da shekara 73.