Markoni, Saurayin da Ya Aika Saƙo Ba Tare da Waya Ba

A hutun da ya wuce na kwance tsohuwar rediyon mahaifina a Madobi, wadda yake ratayawa a gona lokacin noman rani, don in ga inda magana take fitowa. Na kasa mayar da ita, na kuwa sha faɗa. Da muka dawo makaranta sai malaminmu na kimiyya ya ba ni tarihin wani mutum wanda shi ma da irin wannan ƙiriniya ya fara.

An haifi Guliyelmo Markoni a birnin Bolonya na ƙasar Italiya ran 25 ga Afrilu, 1874. Bai yi karatun jami'a ba. Yana ɗan shekara ashirin ya karanta labarin binciken Bajamushe Hertz a kan igiyoyin lantarki masu tafiya cikin iska. Sai ya shige ɗakin saman gidansu da wayoyi da batura da gwangwanaye, mahaifiyarsa tana ƙarfafa masa gwiwa. Da farko ƙararrawa kawai ya iya kaɗawa daga wancan gefen ɗaki. Da ya ɗaga eriya sama, ya binne ɗaya wayar a ƙasa, sai saƙo ya yi nisa. A 1895 ya aika shi bayan wani tudu, tafiyar kamar kilomita biyu, aka harba bindiga daga can don ya san ya isa.

A 1896 ya tafi Ingila, inda hukumar gidan waya ta taimake shi. Ran 12 ga Disamba, 1901, yana tsibirin Niyufanlan, ya ba da sanarwar ya ji harafin S da aka buga daga Ingila, ya ƙetaro tekun Atlantika. Saƙonninsa na lokacin ƙwanƙwasa ne irin na tangarahu, murya sai daga baya. Ya sami kyautar Nobel a 1909 tare da Braun. Da jirgin ruwan Titanic ya nutse a 1912, na'urarsa ce ta kira ceto, aka tsamo mutum wajen 700.

Amma fa ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Markoni ya shiga jam'iyyar Musolini, ya kuma goyi bayan mamaye Habasha a 1935. Ya rasu a Rum ran 20 ga Yuli, 1937, gidajen rediyo suka yi tsit na minti biyu.

Yanzu ni da abokaina muna harhaɗa ƙaramar rediyo da wani ɗan ƙwaya mai ƙafa uku, ZN414, wanda kamfanin Ferranti ya fitar a 1972. Batir ɗaya ya ishe shi. Idan ta yi magana, Baba zan kai wa, in biya bashi.

Iyayenmu, in kun ga yaro yana tsintar wayoyi, ku yi masa uzuri. Da rarrafe yaro kan tashi.