Nana A'isha (RA): Uwar Muminai da ba ta haihu ba

'Yan uwa, kwanaki na zauna a wata majalisa nan Birnin Gwari, matasa suna gardama kan auren jinsi. Wani ya kafa hujja da cewa duk auren da ba haihuwa a cikinsa ba aure ba ne. Na ce masa ya yi a hankali. Mu a wajenmu hukuncin wannan al'amari daga nassi yake, ba daga haihuwa ba. Hujjar tasa kuwa, kafin ta kai inda ya nufa, sai ta fara sukar 'yar uwarmu da Allah bai ba haihuwa ba.

Shi ya sa na tuno da Nana A'isha, 'yar Sayyidina Abubakar. Ta zauna da Manzon Allah (SAW) a Madina kusan shekara 9, ko ɗa guda ba ta samu ba. Bai taɓa yi mata gori ba, matsayinta a wajensa bai ragu ba. Ya yi mata alkunya da Ummu Abdullahi, da sunan ɗan yayarta Asma'u, wato Abdullahi ɗan Zubairu. A ɗakinta ya yi wafati, a nan aka binne shi.

Bayansa ta rayu sama da shekara 40 tana karantarwa. An ruwaito hadisi 2,210 daga gare ta. Da aka kashe ɗan uwanta Muhammadu a Masar, ita ta riƙe marayansa Alƙasim. Shi da Urwa ɗan Zubairu, wanda ya yi karatu a gabanta, duk sun shiga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina. Ta rasu a watan Ramadan, shekara ta 58 bayan Hijira, aka kai ta Baƙi'a.

To, mu duba gida. Marayu nawa 'yan bindigar daji suka bar mana, daga Dogon Dawa har Kuyello? Ga kuma mata a gidajenmu, dangin miji sun hana su sakat saboda ba su haihu ba. Haihuwa ni'ima ce, Musulunci ya kwaɗaitar da ita, amma kyautar Allah ce, Yana ba wanda Ya so. Malam, idan matarka ba ta haihu ba, ka daina gori. Ku ɗauko maraya ku riƙe, ku ba shi tarbiyya da ilimi.

Allah Ya ƙara mata yarda, Ya ba masu nema zuri'a ɗayyiba.