Verner Panton, ɗan Danmak da ya juya wa katako baya

Ƙasar Danmak ta yi suna da kafintoci masu kujerun katako, amma ni wanda ya fi burge ni a cikin masu zanen kayan ɗakinsu shi ne wanda ya bijire wa katakon, wato Verner Panton.

An haife shi a 1926 a tsibirin Fyn, mahaifinsa mai gidan saukar baƙi ne. Ya karanta zanen gine-gine a Kopenhagen, ya yi shekara biyu a ƙarƙashin shahararren mai zane Arne Jacobsen. Daga nan ya mai da wata bas ƙirar Volkswagen ofishinsa, ya shiga yawon Turai neman wanda zai ƙera masa abin da ke kansa.

Abin da ke kan nasa kuwa kujera ce ta roba zalla, a narka a zuba a mazubi a fitar da ita guda, ba ƙusa, ba haɗi, ba ma ƙafafun baya. Lanƙwasa ɗaya ce mai kama da harafin S. Ya zana ta wajajen 1960, masana'antu suka yi ta gudunsa, har sai da kamfanin Vitra ya amince. Ya tattara ya koma Basel a Suwizalan a 1963, kujerar ta fito a 1967. Fararen kujerun da muke haya ranar suna a zango ba zanensa ba ne, amma yana cikin waɗanda suka share musu hanya.

Launi kuwa ba ya jin tsoronsa. A 1969 ya ƙawata ginin mujallar Der Spiegel a Hamburg, ɗakin cin abinci ya sha ja da ruwan lemu tun daga ƙasa har rufi. Gaskiya ni dai ba zan iya cin tuwo a ciki ba!

Sai dai kujerar ta ba shi wahala. Na farko sun yi tsada domin sai an goge su da hannu, an yi musu fenti. Da aka sauya roba don a rage kuɗi, sai ta riƙa tsagewa in ta kwana biyu, aka dakatar da ƙira a 1979. Shekarunsa na ƙarshe ya sake zama da Vitra kan wata roba mai juriya da araha. Ya mutu a Satumban 1998, kujerar ta shiga kasuwa a 1999.