Sergei Winogradsky: Makaɗin Fiyanon da Ya Gano Masu Girki a Duhu

Duk wanda ya taɓa tsoma ƙafa a kududdufi a Bugaje bayan damina, ko ya taka lakar bakin dam ɗin Jibiya, ya san wannan baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Mu dai toshe hanci muke yi mu wuce. To, akwai wani mutumin Rasha da irin wannan warin ya buɗe masa ƙofar ilimi, har ya gyara abin da ake koyarwa a ajin bayoloji.

An haifi Sergei Winogradsky a 1856 a birnin Kiyef, ƙasar Yukiren ta yau, lokacin tana ƙarƙashin daular Rasha. Ɗan gidan masu hali ne. A 1875 ya shiga makarantar kiɗa ta St. Petersburg don koyon fiyano, amma bayan shekara biyu ya ajiye kiɗan, ya koma jami'a yana karanta kimiyya. Kai da ke jin kunyar canza kwas, ka ji fa.

A 1885 ya tafi Strasbourg wurin babban malamin ilimin tsirrai, Anton de Bary. A zamanin, abin da masana suka sani shi ne halitta iri biyu ce: tsiro mai haɗa abincinsa da hasken rana, da wadda ke cin abin da wani ya haɗa. Winogradsky sai ya duƙufa kan wata bakteriya mai suna Beggiatoa, wadda ke zama a ruwa mai warin nan. Ya lura cikin jikinta akwai ƙananan ɗigon farar wuta. In ya hana ta iskar mai wari, ɗigon ya ɓace. In ya mayar mata, ya dawo. A 1887 ya bayyana cewa daga wannan iska take samun ƙarfi, kamar yadda mu muke samu daga tuwo.

Bayan rasuwar de Bary a 1888, ya koma Zurich ta Suwizalan. Nan ya yi aikin da ya fi shafar manomanmu. Ya gano bakteriya iri biyu a cikin ƙasa: ɗaya tana juya amoniya zuwa naitirait, ɗayar tana ƙarasa shi zuwa naitiret, wanda saiwar gero da dawa ke sha. Ya raine su a ruwan gishirin ma'adinai zalla, ba sukari, ba haske, amma sai yawa suke ƙarawa. Ashe iskar kabon suke ɗauka suna gina jikinsu da ita, aikin da ake zaton sai koren ganye a rana. Don haka in manomin Bugaje ya zuba yuriya ko takin dabbobi a gonarsa, waɗannan ma'aikata na cikin masu sarrafa masa shi, ba ko sisin lada.

A 1891 ya dawo St. Petersburg, inda ya gano wata bakteriya mai kamo naitirojin daga iska. A 1905 ya ajiye aiki ya koma gonarsa a Yukiren. Sai ga juyin juya halin 1917. Dukiya ta tafi, gona ta tafi, ya yi gudun hijira zuwa Belgrade yana ɗan shekara sittin da 'yan kai. Wani da shi ke nan, an gama. Amma a 1922 Cibiyar Pasteur ta Faransa ta gayyace shi, ya tare a Brie-Comte-Robert kusa da Faris, ya sake ɗaura ɗamara. Abin da ya nace a kai shi ne a yi nazarin ƙwayoyin ƙasa a cikin ƙasar da suke zaune, tare da maƙwabtansu. A 1949 ya fitar da babban littafinsa kan wannan fanni. Ya rasu a 1953 yana da shekara 96.

Bayan mutuwarsa, a 1977, masu bincike suka tarar da tarin halittu a ƙarƙashin teku kusa da tsibiran Galapagos, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba, suna rayuwa albarkacin irin waɗannan bakteriya. Haka a tafkunan arewacin Turai da ƙanƙara ke rufewa lokacin sanyi, ana ci gaba da kama kabon a can ƙasa cikin duhu.

'Yan SLT da ke neman abin furojet, ga sauƙi. Ku ɗebo laka da ruwan kududdufi, ku gauraya da yagaggiyar jarida da gwaiduwar ƙwai da ɗan alli, ku zuba a farar gora, ku ajiye a taga. Bayan makonni za ku ga launuka hawa-hawa, kowace bakteriya ta kama matsayinta. Sunan Winogradsky wannan gwaji yake ɗauke da shi har yau.