Nana Asma'u da 'Yan Taru

An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Ɗagel cikin 1793. Bayan jihadi ta lura cewa matan ƙauyuka suna renon 'ya'ya cikin duhun jahilci, sai ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwar gari jaji, ta ba ta malfa. Jaji ita ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata zuwa wurinta, su haddace waƙoƙin addini da na tarbiyya, su koma su karantar da matan aure har cikin gidajensu. Hatsi da zumar da sukan kawo kuwa, mabukata take raba wa. Da ta rasu cikin 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.