Ibn Khaldun (1332–1406): Malamin da Ya Ɗora Arziki Bisa Adalci

An haifi Abdurrahman ɗan Muhammadu, wanda duniya ta sani da Ibn Khaldun, a birnin Tunis cikin shekarar 1332, a gidan ilimi da sarauta wanda ya yi ƙaura daga Andalus. Yana matashi annobar 1348 zuwa 1349 ta ɗauke mahaifansa biyu da malamansa da dama.

Ya yi aiki a fadojin Fas, Garnaɗa da Bijaya, ya ga samu ya ga rashi, har ya yi kusan shekara 2 a kurkukun Fas. Da makircin fada ya ishe shi, sai ya keɓe a Ƙal'at Ibn Salama, cikin Aljeriya ta yau, inda ya rubuta Muƙaddima a 1377.

A littafin nan ya nuna cewa gumin ɗan Adam shi ne tushen riba, kuma mutum ɗaya ba ya iya samar wa kansa ko da abincin yini sai da manomi, maƙeri da masassaƙi. Saboda haka arziki ɗan haɗin kai ne, haɗin kai kuwa ba ya ɗorewa sai da adalci. Idan mai mulki ya ƙwace dukiyar talakawa, ko ya sa su aikin tilas, ko ya shiga kasuwa yana gogayya da su, sai gwiwarsu ta yi sanyi, noma da fatauci su ja baya, gari ya watse. Ya kuma lura cewa daula takan fara da haraji kaɗan tana tara kuɗi masu yawa, ta ƙare da haraji mai nauyi baitulmali yana ramewa.

A 1382 ya koma Masar, ya koyar a Azhar, aka naɗa shi babban alƙalin Malikiyya har sau 6, domin tsananinsa a kan gaskiya yakan jawo masa maƙiya a tuɓe shi. A 1384 iyalinsa suka nutse a teku kusa da Iskandariya suna hanyar zuwa gare shi. A 1401 ya gana da Timur a bakin ganuwar Dimashƙu.

Ya rasu a Alƙahira a 1406. Tarihinsa, Kitabul Ibar, yana cikin manyan madogaran sanin sarakunan Mali. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.